Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara goma sha bakwai ina koyar da halittun ruwa
a Argungu, inda ruwa ba baƙo ba ne.
In zana ƙwayar halitta a allo,
in ce wa ɗalibai, haka take a ƙarƙashin madubi.
Madubin kuwa yana kulle a kabad,
idonsa ya yi yana tun ban yi furfura ba.

Littafin da nake karantarwa da shi
ya girmi ɗalibata Tumba da shekara huɗu.
Ran wata Talata ta ɗaga hannu:
"Malam, a wayata ba haka suka ce ba."
Na karɓi wayar, na karanta, na mayar.
Na ce, gaskiyarsu.
Allin hannuna ya yi nauyin taɓarya.

Sai na cika takarda.
Kwas ne na mako shida a Zariya.
Kuɗin mota, kuɗin ɗaki, kuɗin rajista,
na soke na abinci da kaina,
don garin kwaki ba ya ƙin tafiya.
Akawu Maidamma ya buga hatimi,
ya ba ta lamba arba'in da ɗaya,
ya kwantar da ita kan 'yan'uwanta.
"Sai kaso ya sauko," in ji shi.

Kaso, hadarin kaka!
Ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas,
ya yi rugugi a kanmu, mu fito da bokitai,
ya wuce.

Gulbi ya cika ya janye, ya cika ya janye.
An dasa shinkafa a fadama, an yanke, an sake dasawa.
Gara ce kaɗai ta karanta takardata
daga bisimilla har sa hannu.

Wata azahar a gindin dalbejiya
Malam Arzika mai lissafi ya tuɓe hula,
ya kife ta, ya juyo cikinta sama.
Ya ce, "Masu soya kifi a bakin tasha
ba su jira kowa ba kafin su sayi kasko.
Mu kuwa da digiri muke zaman jira."
Mu goma sha ɗaya muka zuba.
Sharaɗi ɗaya: wanda ya je ya sha,
ya dawo mana da guzuri a baki.

Kwasar fari ta faɗa wa Gado,
yaron da na koyar da hannuna.
Ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan sosa ni.
Ya tafi, ya dawo ya rame,
da jaka cike da takardu masu ɗumin inji.
Bayan la'asar muka zauna a bencin ɗalibai,
gwiwoyina suna dukan teburi,
yana rubutu, ina kwafa.
Ya ce, "Malam, ka gane?"
Na ce, sake dai, a hankali.

Ni ne na tara a layi.
Kafin ya zo kaina wasiƙa ta iso:
an amince da lamba arba'in da ɗaya.
Kwas ɗin an rufe shi tun bara waccan,
kuɗin kuma, da farashin mota na yau,
zai sauke ni a Funtuwa, ba dawowa.
Na gode wa Maidamma, ba laifinsa ba ne.

Ku da ke rabo, ga saƙo ba da faɗa ba:
rijiya ma sai ana yasa take ba da ruwa.
Hular Arzika ƙarama ce,
ba ta ɗaukar kwaleji guda.

Jiya na goge allo, na zana sabon abu.
Tumba ta duba wayarta, ta duba allo.
Hannunta ya taso rabi,
ya koma kan biro.